Windows ɗin da Microsoft ta Daina Kula da Ita: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, ofisoshin makarantu da hannun ɗalibai na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Wasu na ɗauke da Windows 7, wasu Windows 10, har da masu XP. Duk ukun Microsoft ta janye hannu daga kansu. Ba kowa ne ke da kuɗin sabuwar na'ura ba, kuma ban ga dalilin da za a jefar da abin da ke aiki ba. Amma tsohuwar kwamfuta tana da iyakar abin da ya kamata a ɗora mata, kuma wannan iyakar nake son a gane.

An ce an daina tallafa wa Windows ɗina. Kwamfutar za ta daina aiki ke nan?

A'a. Gobe za ta tashi kamar yadda ta tashi yau, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft na fitar da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da aka gano a cikin Windows. XP ta daina samun wannan a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a ranar 10 ga Janairu 2023, sai Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Inda matsalar take shi ne duk waɗannan Windows ɗin 'yan gida ɗaya ne, kuma sabuwa tana gadon sassa masu yawa daga tsohuwa. Idan aka fitar da faci ga Windows 11, masu kutse sukan zauna su bincika abin da aka gyara, su gano inda kafar take, sannan su gwada ta a kan tsofaffin. Idan ta yi aiki, to sun samu ƙofar da ba wanda zai sake rufewa. Saboda haka haɗarin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowane wata ƙaruwa yake yi.

Malam, shekara da shekaru ina amfani da Windows 7, ban taɓa ganin komai ba. Ba tsoratar da mutane ake yi don su sayi sabuwa ba?

Akwai kasuwanci a cikin maganar, ba na musu. Sharuɗɗan Windows 11 sun bar kwamfutoci masu lafiya da yawa a baya. Amma haɗarin ba ƙirƙira ba ne.

A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150. Tana kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa, dala 300 a farko, da Bitcoin. Ba ta buƙatar ka danna komai. Ta hanyar tsohon tsarin raba fayiloli na Windows, SMB na ɗaya, take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita na dubban marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ta riga ta fitar da facin tun watan Maris, wata biyu kafin nan, kuma mafi yawan kwamfutocin da abin ya shafa Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Lamarin ya yi tsanani har sai da kamfanin ya fitar da facin gaggawa ga XP, wadda ya bari tun shekara uku da suka wuce.

Sannan rashin ganin komai ba shaida ba ne. Yawancin ɓarayin yanzu ba sa son ka san sun shigo. Su kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza su fita, kwamfutar tana aikinta lafiya lau. Sai bayan kwanaki ka ji an karɓe maka Facebook ana roƙon kuɗi da sunanka.

Ina da anti-bairos mai kyau. Bai isa ba?

Bai isa ba, amma kada ka cire shi. Anti-bairos maigadi ne a bakin ƙofa, yana tare fuskokin da ya sani. Kafar da ba a yi wa faci ba kuwa tsagewa ce a katangar bayan gida, kuma maigadi ba ya gyaran katanga.

Mai Windows 10 ba ya buƙatar sayen wani. Microsoft Defender da ke ciki zai ci gaba da samun sababbin bayanan bairos har zuwa Oktoba 2028. Mai Windows 7 sai ya duba ko wanda yake amfani da shi yana karɓar sabuntawa har yanzu: buɗe shi ka ga ranar da ya sabunta na ƙarshe. Idan ta wuce mako biyu alhali kana hawa intanet, ba ya tsare maka komai. Kada kuma ka sa guda biyu a lokaci ɗaya, faɗa za su yi ta yi su danne na'urar.

To daga ina zan fara?

Daga tambayar kanka aikin da kwamfutar take yi maka. Idan buga takardu ne, ko CorelDraw, ko lissafin shago a Excel, ko kallon karatu da aka sauke, ba ta da wata buƙata da intanet. Zare wayar, goge Wi-Fi ɗin da ta haddace, kada kuma a riƙa haɗa ta da data ta wayar hannu "na minti biyu kawai". Wannan mataki ɗaya ya fi duk sauran shawarwarin da ke shafin nan ƙarfi, kuma ba ya cin ko kwabo. Windows 7 da ba ta taɓa intanet za ta iya yi maka aiki har ranar da na'urar kanta ta gaji.

Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe bayan wannan, ita ce filash.

Filashin kwastomomi ne ke kawo mini bairos kullum. Fayiloli su ɓace, sai gajerun hanyoyi kawai nake gani. Yaya zan yi?

Wannan shi ne bairos ɗin da kowane mai shagon buga takardu ya sani. Ba ya goge fayilolin, ɓoye su yake yi, ya ajiye gajeriyar hanya mai sunan kowace folda, da 'yar kibiya a ƙasan hotonta. Kana dannawa, folda ta buɗe kamar gaske, shi kuma ya shige kwamfutarka ya jira filashi na gaba.

Kada ka danna komai mai wannan kibiyar a cikin filashin baƙo. Kashe AutoPlay a Control Panel. A Folder Options, cire alamar da ke ɓoye ƙarshen sunan fayil, domin ka ga bambancin takarda mai ƙarewa da .docx da shirin da ke ƙarewa da .exe ko .vbs. Idan fayilolin sun riga sun ɓace, buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* inda E shi ne harafin filashin a kwamfutarka. Fayilolin za su bayyana. Kwashe na gaskiyar, ka goge gajerun hanyoyin da duk wani fayil da mai filashin bai san da shi ba.

Mai shagon da ke da kwamfuta biyu ya ware ɗaya don karɓar filashi, wadda babu komai mai muhimmanci a cikinta. Idan mai Linux ce, wato wani tsarin kwamfuta daban da ake sawa a madadin Windows, ya fi, domin irin wannan bairos ba ya tashi a can.

Ni dole ne in hau intanet da ita. Me zan gyara?

Fara da burauza, tunda ta nan mafi yawan haɗari ke shigowa. A Windows 7 da 8.1, Chrome da Edge sun tsaya a siga ta 109 tun farkon 2023, ba su ƙara motsawa ba. Firefox ta tsaya a 115 ESR, wadda Mozilla ta yi ta tsawaita mata facin tsaro 'yan watanni bayan 'yan watanni, don haka ita ce ta fi dama a cikin ukun. Sa mata uBlock Origin mai toshe tallace-tallace, saboda tallace-tallacen bogi masu cewa "danna nan ka sauke" na cikin manyan hanyoyin kamuwa. Internet Explorer kuwa a manta da ita gaba ɗaya. XP ba ta da wata fitacciyar burauza da ta rage mata: Chrome ta bar ta a siga ta 49, Firefox a 52. Ra'ayina, XP ba ta da abin yi a intanet yau, ko na minti ɗaya.

Na biyu, kuma mutane ba su cika yi ba: daina aiki da asusun Administrator. Buɗe sabon asusu na Standard user ka riƙa aikin yau da kullum a ciki, ka sa wa na Administrator kalmar sirri mai ƙarfi. Galibi shirin da ya so ya kafa kansa a cikin Windows sai ya nemi wannan kalmar, kai kuma ka samu damar tambayar kanka ko kai ne ka kira shi. Masu gyara da yawa na kashe User Account Control wai yana damun mutane da tambaya. A mayar da shi, tambayar ita ce amfaninsa.

Sai rufe ƙofofin da ba ka amfani da su. Bar Windows Firewall a kunne. Duk hanyar sadarwar da ka shiga, zaɓi Public, kuma kashe raba fayil da firinta idan ba ka buƙata. Kashe Remote Desktop, wanda ke ba da damar sarrafa kwamfuta daga nesa: a watan Mayu 2019 an gano wata kafa a cikinsa, wadda aka sa wa suna BlueKeep, da ke ba mai kutse damar shiga ba tare da kalmar sirri ba, har ta sa Microsoft ta sake fitar wa XP faci. Cire Java da Adobe Flash Player idan suna nan, Flash ta mutu tun ƙarshen 2020.

Kada a manta da Office. Na 2007, 2010 da 2013 duk sun daɗe da fita daga tallafi, na 2016 da 2019 ma sun fita rana ɗaya da Windows 10. Takardar da ta zo ta imel ko WhatsApp daga wanda ba ka sani ba, in ta buɗe da rawayar layi a sama tana neman ka danna Enable Content, rufe ta.

Windows 7 ɗina ba ta taɓa karɓar sabuntawa ba. Akwai amfanin yi yanzu?

Sosai. Facin shekara goma yana nan, daga 2009 zuwa Janairu 2020, har da wanda ke toshe hanyar WannaCry da BlueKeep. Tabbatar kana da Service Pack 1. Sannan shigar da faci biyu masu lamba KB4490628 da KB4474419, domin tun 2019 Microsoft ta sauya irin sa hannun da take yi wa facinta zuwa SHA-2, kuma Windows 7 da ba ta da waɗannan biyun ba za ta gane sababbin ba. Ana samunsu a Microsoft Update Catalog. Daga can kaɗai za ka sauke, ba daga shafin da wani ya tara su ba.

Zan iya shiga asusun banki da ita? Kuma a shagona ina yi wa mutane rajistar jarrabawa da cike takardun neman aiki.

Banki dai a'a. Yi amfani da wayarka, muddin ita tana samun sabuntawa. Imel ɗinka ma ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, ta yadda ko an sace kalmar sirri sai an nemi lambar da ke zuwa wayarka.

Kashi na biyu na tambayar ya fi damuna. Wanda ya zo shagonka ya miƙa maka lambar NIN ɗinsa, ranar haihuwarsa, hoton fasfo, sakamakon WAEC, wani lokaci har BVN da lambar katin banki don a biya kuɗin fom. Bai san wace Windows ke kan teburinka ba, ba zai ma iya tambaya ba. Kai ya yarda da kai. Yarinyar da mahaifinta ya kawo ta cike fom ba ta da hanyar sanin cewa hotonta da takardunta za su zauna wata shida a Desktop, a kwamfutar da filashi hamsin ke shiga kowane mako. Wannan amana ce, kuma idan bayanan suka fita, ita za ta ɗauki wahalar, ba mai shago ba.

Saboda haka kwamfutar da ake shigar da bayanan mutane a intanet ita ce ta farko da za a sauya ko a sa mata tsarin da ke samun faci, ko da sauran za su jira. Kafin nan, kada burauza ta riƙa adana kalmomin sirrin kwastomomi, a fita daga asusun kowa a gabansa, a goge takardunsa da aka yi sikanin da zarar an gama, a kuma zubar da Recycle Bin.

Nawa Windows 10 ne. Shi ma ya zama kamar 7 ke nan?

Bai kai can ba tukuna. Chrome, Edge da Firefox ba su bar Windows 10 ranar da tallafinta ya ƙare ba, kuma Microsoft ta buɗe shirin ƙarin facin tsaro mai suna ESU. Ga mutum ɗaiɗai, lokacin da aka buɗe shirin a 2025 an ce zai kai 13 ga Oktoba 2026, ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun Microsoft. Kamfanoni na biyan dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin na ninkawa kowace shekara har shekara uku. Sharaɗin shi ne Windows ɗin ta kasance siga 22H2. Danna maɓallin Windows da R, rubuta winver, za ka ga wadda kake da ita.

Wannan lokaci ne aka ba ka na shiri. Duba ko na'urarka za ta ɗauki Windows 11 da manhajar PC Health Check. Ana buƙatar wani ɗan sashen tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, ma'ajiya 64GB, da injin sarrafawa (processor) na Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Wasu kwamfutocin suna da TPM ɗin, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi.

Mai gyara ya ce zai iya tilasta mata Windows 11, ko ya sa mini wata Windows mara nauyi da aka rage.

Na farkon yana yiwuwa, da manhaja irin Rufus, kuma sau da yawa yana aiki. Sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alkawarin ba irin wannan na'ura sabuntawa ba. Ga kwamfutar gida da ke da SSD, wato faifan zamani mai sauri, da RAM 8GB, ina ganin ya fi zama a kan Windows da ba ta samun faci kwata-kwata.

Na biyun kuwa ka ƙi. Windows ɗin da wani da ba ka sani ba ya buɗe, ya cire abin da ya ga dama, ya ƙara abin da ya ga dama, ba ka da hanyar sanin me ke ciki. Galibi abin da ake fara cirewa shi ne Defender da Windows Update. Haka ma 'yan shirye-shiryen da ake saukewa don kunna Windows ko Office na sata: umarninsu na farko shi ne ka kashe anti-bairos, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsaya.

Ta yi nauyi ƙwarai. Sai an yi fomatin?

Ba lallai ba. Idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, sauya shi da SSD, ko da mai 128GB ko 256GB. Babu wani gyara da ke kai wannan tasiri: kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi za ta koma daƙiƙoƙi. Ƙara RAM zuwa 4GB ko 8GB, amma ka sani Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da 3GB da 'yan kai. Rage shirye-shiryen da ke tashi tare da Windows, ta msconfig a 7, ta Task Manager a 10. Manhajojin da ke alkawarin "ƙara gudu" ka bar su.

Sauran matsalar ƙura ce da zafi. Bayan hunturu, buɗe bayan laftof ka duba tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke fita: za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga ta toshe hanyar. Injin in ya yi zafi rage gudunsa yake yi da kansa don kada ya ƙone. A share, a sauya man da ke kan injin in ya bushe, a daina ɗora laftof a kan katifa. Kwamfutar tebur kuma a sama mata UPS, domin ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu na lalata fayiloli, har Windows ɗin kanta.

Shafuka na cewa haɗina ba shi da tsaro, sun ƙi buɗewa.

Duba agogo da kwanan wata tukuna. Akwai ɗan batiri mai kamar kwabo a kan allon kwamfutar, CR2032. In ya mutu, kwanan wata na komawa shekarun baya duk lokacin da aka kashe ta, sai burauza ta ga takardun shaidar shafuka ba su dace da ranar ba. Sauya batirin. Idan agogo daidai yake, to takardun shaidar da ke cikin Windows ne suka tsufa. Firefox na zuwa da nata, shi ya sa takan buɗe shafin da tsohuwar Chrome ta ƙi.

Ina da injin da manhajarsa ba ta aiki sai a XP.

Wannan ya zama ruwan dare a injinan yankan sitika, na ɗinkin zane, tsofaffin sikana da wasu na'urorin ɗakin gwaji. Bar kwamfutar a kan wannan aikin kaɗai, ba intanet, da filashi guda nata na kanta. Ɗauki kwafin faifanta gaba ɗaya da manhajar Clonezilla ka ajiye, tare da manhajojin direba da ke haɗa injin da kwamfutar, domin ranar da faifan ya mutu ba lallai ka same su a ko'ina ba. Idan manhajar ce kawai ake buƙata, ana iya tafiyar da XP a kan sabuwar kwamfuta ta cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani tsari a cikin wani, a kashe mata hanyar sadarwa.

Ana ta cewa in koma Linux. Zan iya kuwa? Ni malamar makaranta ce, ba masaniyar kwamfuta ba.

Za ki iya, Malama. Idan aikinki rubuta jarrabawa ne, lissafin maki, bincike a intanet da kallon bidiyo, Linux Mint zai yi miki duka, kyauta ne, yana samun facin tsaro, kuma fuskarsa ta yi kama da Windows 7. Nau'insa na Xfce ya fi sauƙi ga na'ura mai ƙaramin ƙarfi. Yana zuwa da Firefox ta zamani da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan sauya tsari. CorelDraw da Photoshop ba su da na Linux, wannan shi ne babban cikas ga masu zane.

Ba sai kin goge komai ba kafin ki gwada. A sa miki shi a filashi, ki tayar da kwamfutar daga filashin, ki duba ko Wi-Fi, sauti da firintarki suna aiki. In sun yi, sai a shigar. In ba su yi ba, ki zare filashin, Windows ɗinki na nan yadda kika bar ta.

Idan duk da haka aka kulle mini fayiloli fa?

Abin da zai cece ka shi ne kwafin da ka ajiye kafin ranar. Sami faifan waje, ka riƙa kwashe muhimman fayiloli kowane mako, kuma ka zare shi da zarar ka gama, domin manhajar garkuwa da fayiloli na kulle duk faifan da ta tarar a haɗe. Takardun da ba za ka jure rasawa ba, ka ajiye kwafi na uku a wani wuri daban, ko a Google Drive. Lokaci-lokaci buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin ka tabbatar suna buɗewa.

In abin ya faru, zare kwamfutar daga intanet da sauran na'urori nan take. Kada ka biya, ba tabbacin za su buɗe maka. Duba shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Turai ta Europol ke cikin waɗanda suka kafa shi a 2016, akwai mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Bayan nan a goge faifan gaba ɗaya a sake shigar da tsarin, a sauya duk kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, sannan a mayar da fayiloli daga kwafin.